Shari'ar Mazari a Rafin Kanya

Mutumin da yanar ido ta fara rufe masa gani, abin da ya dace da shi shi ne ya sami gindin bishiya ya zauna yana tufkar igiya. Ba aikinsa ba ne ya hau rumfar gona yana yi wa gari hange. Amma wa zai gaya wa Maikano haka? Shi ne Sarkin Noman Rafin Kanya, wani ƙauye da ke gefen Dangora a ƙasar Kiru, kuma tun da aka naɗa masa rawanin nan bai taɓa yarda akwai abin da ya fi ƙarfin idonsa ba. Ya sha yi wa kututture sallama a hanyar masallaci. In aka yi dariya sai ya ce ai da mai zama a kan kututturen yake gaisawa, su ne ba sa gani.

A kakar shekarar da ta biyo bayan zuwan Sarauniyar Ingila Kano, dawa ta yi kyau a ƙasar nan har ta ba mutane tsoro. Kai ya yi nauyi ya sunkuya, saura ƙiris a yanke. A irin wannan lokaci manomi ba ya son jin sunan fara ko a mafarki, balle waɗanda suka ga shekarun da ta sauka ta bar kara tsirara, aka koma cin tafasa ba mai. Tun daga wancan zamani garin ya kafa al'ada. Duk ranar da aka yi kuwwar fara, iyakar gona ta faɗi. Kowa ya fito da abin da hannunsa ya kai, ya bi ta inda ya fi kusa, ko ta kan shukar wane ne. Abin da aka tattake a ranar ba a ramawa, ba a ma zancensa.

Gwaggo Zuwaira kuwa ba ta da ko kan dawa ɗaya a gona. Mijinta ya rasu da daɗewa, ɗanta yana haƙar kuza a Jos, 'yarta tana aure a Tudun Wada. Abin da take ci da shi ɗan lambu ne a bakin rafi, na albasa. Da hannunta ta tara irin tun bara, ta adana shi a gora da toka, ta yafa shi a fangali da ruwa ya fara ɗaukewa. Da kanta ta saro ƙayar magarya, ta jawo ta a ƙasa har bakin rafi, ta yi shinge. Irin ya fito kore shar, siri-siri kamar allurai, ya kusa isa dashe. Kullum tana bakinsa da ƙwaryar ban ruwa, tana zagin awaki tun kafin su yi niyyar zuwa.

Ran nan da la'asar Maikano yana kan rumfarsa yana korar tsuntsu, ya ɗaga kai wajen fadama. Sai ya ga wani abu ya tokare sama, yana ƙyalli a hasken rana, yana kaiwa yana komowa. Mai lafiyayyen ido da ya tsaya ya ƙara dubawa. Shi kuwa sai ya cika ƙirji da iska ya kwarara ihu.

"Fara! Jama'a, fara ta sauka! Fara a fadama!"

Nan da nan makaɗi ya ɗauki gangami. Maza suka fito da rassan sabara da tsofaffin garewani suna dukansu. Tsofaffin mata suka biyo baya da ƙore da tsintsiya, don fara in ta zo cin dawarka kai ma sai ka ci ta. Hanyar da ta fi kusa daga gari zuwa fadama kuwa, Allah ya yi, ta tsakiyar lambun Zuwaira ta ratsa.

Tana tsugune tana ban ruwa ta ji ƙasa tana rawa. Ta ɗaga kai ta ga abin da ake wa ihu. Mazari ne. Ƙwaron nan dai mai doguwar jela da ke shawagi a kan ruwa, wanda ko ɗan yaye ya san shi. Sai dai ranar sun yi yawan da ba a saba gani ba, sun cika sararin fadamar suna ta wasansu, ba ruwansu da kowa.

Ta miƙe ta tsaya a ƙofar shinge ta ware hannuwa.

"Mazari ne! Ku tsaya! Mazari ne, makafin banza!"

Wa ya ji ta? Ga ganga, ga garwa, ga ihu. Waɗanda suka gan ta suka kauce mata, suka haure shingen ta gefe. Na baya suka tarar shingen ya kwanta, suka bi ta kai. Ƙattin maza masu gemu, waɗansu ita ta yanke musu cibi, suka riƙa tsalle a cikin fangalinta suna dukan iska da reshe. Wani ya zame ya zauna daɓas a kan irin, ya miƙe, ya sake zamewa.

An daɗe ana wannan hauka kafin wani ya sunkuya ya ɗauki ɗaya daga waɗanda aka kakkaɓo. Ya juya shi a tafin hannu. Ya nuna wa na kusa da shi. Garwa ta yi shiru, sai ganga ita ma ta yi shiru. Mutane suka fara zamewa da ɗai-ɗai, kowa ya tuna yana da abin yi a gida. Mai ƙwarya ta kife ƙwaryarta a ka, ta yi kamar ɗiban ruwa ta zo.

Zuwaira ta dubi lambunta. In ka ce nan aka shayar da garken shanu ba wanda zai ƙaryata ka.

Ta tsinci mazari ɗaya a cikin taɓo, ta nufi rumfar Maikano. Shi ɗan kawunta ne, wato taubashinta, tun suna yara suke zagin juna ana dariya. Amma ranar ba dariya a bakinta.

"Kai Maikano, sauko."

"A'a, taubashiya! Kin ga ikon Allah ko? Mun kore ta. Ko zangarniya ɗaya ba ta taɓa ba."

"Kun kori wa?"

"Fara mana."

Ta kai masa mazarin har bakin hanci. "Buɗe abin nan da kake kira ido ka duba. Wannan fara ce a gidan uban wa?"

Maikano ya ja kai baya, ya kanne ido ɗaya, ya duba. Ya gane, ta ga ya gane, don gemunsa ya motsa. Amma namiji da rawani a ka, ya tara gari da ihu, yanzu ya ce kuskure ne?

"Fara ce," in ji shi. "Irin ta ruwa. Ba kowa ya san ta ba."

"To albasata fa?"

"Ranar fara ba iyaka, ke ma kin sani. Allah ya mayar miki da alheri."

"Ta hannunka zai mayar min, in sha Allahu."

Daga nan ko gida ba ta biya ba, da taɓon a ƙafarta ta wuce ƙofar gidan Dagaci Gwadabe. Shi ma nasa ruwan ya kai masa wuya. Tun da ya ji gangami ya tura mai doki Kiru ya gaya wa Hakimi fara ta sauka, kamar yadda aka umarci kowane dagaci. Yanzu ga tsohuwa ta zo da mazari a hannu.

Ta durƙusa ta yi gaisuwa a gajarce. "Ranka ya daɗe, ƙara na kawo. Sarkin Noma ya tara min gari a kan albasa saboda wannan."

Dagaci ya dubi abin, ya kawar da kai. "Haba Gwaggo. Tsakaninki da Maikano ai wasan taubasai ne. Ana kawo wasan taubasai fada?"

"Ranka ya daɗe, wasan da na sani a baki ake yinsa. Wannan da ƙafa aka yi shi, ƙafar gari guda. Ba ni da sauran iri ko na magani. Ko da ina da shi, in na yafa yanzu zafi zai riske ta ba ta yi kai ba. Kowa yana da irinsa a saman rafi, ba wanda ya taka nasa. A ɗebo min daga nasu na dasa, a tayar min da shinge. Ban roƙi akuyar kowa ba."

"In fara ce kuwa, al'ada ta hana."

"In fara ce."

Dagaci ya shafa fuska. "Gobe da hantsi malamin gona zai zo daga Kiru duba ɓarna. Ki dawo a lokacin, a yi maganar gaban kowa."

Washegari gari na wayewa ta sauka rafi, ba don tana da abin shayarwa ba, ƙafa ce ta saba. Raɓa ta sauka sosai. Sai ta ga ciyawar bakin ruwa ta cika da mazari, sun rataye a jikin kara, jela ƙasa, fiffike a buɗe, raɓa ta jiƙa su ba sa iya tashi. Ta sa yatsu biyu ta ɗauki ɗaya, ko motsi bai yi ba.

Shekara nawa tana ganinsu ba ta taɓa tsayawa ta dube su da kyau ba. Jikinsa ruwan ɗorawa ne, da baƙin layi a gadon jela. Kansa kuwa ba kai ba ne, ido ne zalla, manya biyu sun haɗe a sama, ja-ja kamar an jiƙa goro. Fiffike huɗu, kana hango yatsanka ta cikinsu, da zane kamar saƙar komar masunta, na baya sun fi faɗi. Ƙafafun 'yan firit, duk sun taru a gaba kamar mai shirin karɓar sadaka. Ina cinya? Fara ai cinya ce darajarta. Wannan ko ƙashin cinya ba shi da shi.

"Kai ma an yi maka sharri," ta ce masa. "Amma yau sai ka yi haƙuri."

Ta kwance ɗan zanen da ta yafa, ta shiga tsinta. Sai da ta tara abin da ya cika akushi kafin rana ta busar da raɓa sauran su tashi.

Maƙwabciyarta ta ji ƙamshin man gyaɗa da sassafe ta leƙo ta kan danga. "Gwaggo, me ake soyawa ba a kira mu ba?"

"Shaida nake soyawa."

Da hantsi ƙofar gidan Dagaci ta cika, don duk wanda ya taka lambun nan yana son ya ji yadda za ta ƙare. Liman yana gefen dama. Maikano ya sha rawaninsa ya zauna a gaba. Zuwaira ta zo da akushinta a rufe da faifai, ta ajiye a gabanta, ta ɗora hannu a kai. Ba wanda ya tambaye ta, an ɗauka gaisuwar fada ce.

Malamin gona, Malam Labaran, ya iso a kan keke, gumi ya jiƙa masa riga. Tun da safe ya zaga gonaki bai ga ganye ɗaya da aka ci ba, ransa fari ƙal. Aka miƙa masa mazarin jiya. Ya fito da wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu, ya duba, ya yi murmushi kamar ya ga tsohon aboki.

"Ranka ya daɗe, wannan ba fara ba ce, mazari ne," in ji shi. "Masana sun kasa ƙwari gida-gida. Duk mai ƙafa shida da jiki kashi uku, kai da ƙirji da ciki, babban gidansu ɗaya. To a cikin gidan akwai ɗakuna. Fara da gyare ɗakinsu ɗaya: ƙafar baya doguwa ta tsalle, in sun sauka su naɗe fiffike a baya. Mazari ɗakinsa daban. Ba ya tsalle, ba ya cin ganye. A ruwa yake girma kafin ya yi fiffike, sauro da ƙananan ƙudaje ne abincinsa. Su ma iri biyu ne. Akwai siraran nan masu haɗe fiffike a sama in sun sauka, akwai manya masu barinsu a buɗe. Wannan na manyan ne, mai bin hadari. Inda ruwan sama ya nufa nan yake bi, shi ya sa kuka gan su tuli yanzu da damina take janyewa."

Zuwaira ta gyaɗa kai. Yaro ne, amma ya yi magana.

Maikano ya gyara zama. "Malam, na ji karatu. Ina da tambaya. Ƙafar fara nawa ce?"

"Shida."

"Ta wannan fa?"

"Shida."

"Fiffike fa?"

"Huɗu huɗu ne, amma..."

"Babban gidan da ka ce, nawa ne?"

"Ɗaya ne, sai dai..."

"Alhamdu lillahi!" Maikano ya juya ga jama'a ya ware hannu. "Kun ji da kunnenku, ba ni na faɗa ba, mai karatun boko ne. Gidansu ɗaya! In baƙo ya shigo gari ana tambayar ɗan wane ɗaki ne? Ɗan gidan wane ake cewa. Ɗan gidan fara ya shigo da runduna, na yi kuwwa. Ina laifina?"

Wuri ya ɗauki "Gaskiya ne!" da "Haka yake!" Ba don sun yarda ba, don kowa yana tuna sawunsa a fangalin nan.

"Ai kyankyaso ma ɗan gidan ne," in ji Malam Labaran, amma hayaniya ta danne shi. Da aka lafa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai abin da zan kai wa Hakimi shi ne babu fara a Rafin Kanya. Abin da ya shafi al'adar gari kuwa, naka ne." Ya jingine kekensa ya sami wuri ya zauna, don ya ga alamar akwai sauran kallo.

Dagaci ya yi gyaran murya. "To, Gwaggo, kin ji. Kama da wane ba ta wane, haka ne, amma tun da dangi ne, kuma kuwwar da kyakkyawar niyya aka yi ta..."

"Ranka ya daɗe, na yarda."

Jama'a suka dubi juna. Ba a taɓa jin Zuwaira ta yarda da abu tun ba a gama faɗarsa ba.

"Na yarda fara ce. Ni wace ce da zan ja da Sarkin Noma da gari guda? Sai dai na ga kun riƙe rabin al'ada kun yar da rabi. Tun ina amarya, farar gangami ba a barinta a ƙasa. Tarawa ake a soya a raba, kowane gidan da ya fito da kasonsa. Ko ƙarya na yi, Liman?"

Liman ya ce, "Haka aka saba."

"To jiya kun gudu kun bar taku. Na ce bari na hutar da matanku."

Ta ɗage faifan.

Ƙamshi dai ba laifi, man gyaɗa ne da yaji da ɗan garin ƙuli. Amma abin da ke cikin akushin, subhanallahi. Sun yi tsibi, jela ta ƙanƙance ta lanƙwashe, fiffiken ya yi baƙi ya tsaya cirko-cirko, don ba ta cire ko ɗaya ba. Idanun kuwa mai ya sa sun ƙara fitowa, kowanne yana kallon wanda ke kallonsa. Na gaba suka ja da baya, na baya suka miƙa wuya.

"Kason Dagaci ake fara fitarwa," in ji ta. Ta tura akushin gabansa da ladabi. "Bismilla, ranka ya daɗe."

Dagaci ya dubi akushi, akushi ya dube shi. Ya juya wajen Liman. "Malam, wannan ya halatta kuwa?"

Liman ya ja carbi. "Fara halal ce, ba mai ja. In fara ce, a ci. In ba fara ba ce, sai na koma na duba."

Dagaci ya juya wajen Maikano. "Ai wanda ya fara gani shi ya kamata ya fara ɗanɗanawa. Sarkin Noma, bismilla."

Zuwaira ta jawo akushin ta dire shi gaban Maikano. "Ci, taubashi. Kai ka kira ruwa. Na sa maka yaji yadda kake so."

Kowa ya ɗauka a nan zai sallama. Ba su san taurin kan gidan kawunta ba. Maikano ya naɗe hannun riga, ya laluba ya ɗauki ɗaya ta jela, ya yi bismilla da ƙarfi don a ji, ya jefa a baki. Aka ji ƙurus. Ya tauna. Ya ci gaba da taunawa, abin ba ya ƙarewa. Wani ɓallin fiffike ya leƙo ta gefen bakinsa ya maƙale a gemu. Idon nan mai yana ya kawo ruwa. Ya haɗiye, abin ya tsaya, ya daki ƙirji, ya wuce.

"Fara ce," ya ce da wata irin murya. "Ba ta dai yi ƙiba ba."

Malam Labaran ya sa hula ya rufe fuska, kafaɗarsa tana rawa.

Zuwaira ta ɗauki akushin ta miƙe. "Madalla. Saura ku." Ta fara bin layi tana kiran suna. "Kai Umaru, kai ne ka zauna min a kan iri har sau biyu, kasonka biyu. Ɗanjuma, kar ka ɓuya a bayan wanka, na ga sawunka, duk garin nan kai kaɗai ne yatsanka ya karkace. Miƙo hannu."

Umaru ya ɓoye hannuwa a cikin riga. Ɗanjuma ya ce azumi yake yi.

"Azumin me ranar Talata, bayan na gan ka da rogo a hanya?"

Dagaci ya ga akushin yana zagayowa zai sake dawowa kansa, sai hikima ta sauko masa a take.

"Ku saurara. Abin ya zo da sauƙi. Duk wanda ya ce fara ce, ya matso ya cinye kasonsa, al'ada ta kare shi, Gwaggo ba ta da magana a kansa. Wanda kuma bai ci ba, to a wurinsa ba fara ba ce, ya taka lambun mutane haka kawai. Gobe ya ɗebo iri daga fangalinsa ya kai mata, ya saro ƙaya ya tayar da shinge. Ni kaina," ya ɗan yi tari, "ban taka ba, amma gidana sun fita. Za a kai nawa."

Ba a taɓa ganin mutane sun yi rububin aikin ƙaya kamar ranar ba. Umaru ya ce shi dama tun jiya ya ga abin bai yi masa kama da fara ba. Ɗanjuma ya ce gatarinsa ma a wase yake. Waɗanda ɗazu suke cewa haka yake, yanzu suna rantsuwa sun san mazari tun suna tsirara.

Maikano ya gyara rawani yana murmushi. Shi ya ci, ya fita. Ya fara laluben sandarsa.

Zuwaira ta dawo ta dire masa akushin a gaba, har wasu suka yi tsalle suka faɗo a kan tabarma.

"Ina za ka?"

"Na ci kasona."

"Ka ci ɗaya. Ranka ya daɗe, farar gangami tsakanin masu fara ake raba ta ko?"

"Haka ne," in ji Dagaci, yana kallon sama.

"To duk garin nan mutum ɗaya ya rage mai fara. Ga abinka, Sarki. Ba a zubar da abinci."

Maikano ya sunkuya ya kai fuskarsa kusa da akushin don ya ga iyakarsa. Bai ga iyakarsa ba. Ya ɗauki na biyu, ya daɗe yana juya shi, ya sa a baki. Wannan karon har jijiyar wuyansa ta tashi. Aka miƙo masa ruwa a moɗa ya shanye. Ya ɗauki na uku, ya kai rabin hanya, hannun ya tsaya.

A hankali ya mayar da shi cikin akushi, ya goge yatsu a tabarma.

"Jama'a ku shaida," in ji shi. "Fara ce, ban janye ba. Ƙoshi ne ya hana ni, na ci tuwo da safe. Iri kuwa zan kai mata. Amma don zumunci zan kai, don 'yar gwaggona ce kuma ba ta da kowa. Ba don shari'a ba."

"Kawo shi don zumunci, ko don shari'a, ko don tsoron akushi," in ji Zuwaira. "Albasa ba ta tambaya. Kuma daga tsakiyar fangali za ka ɗebo min, ba na gefe da awaki suka lasa ba."

Washegari tun rana ba ta yi zafi ba bakin rafi ya cika. Masu ƙaya suna ja suna tsaki, masu iri suna zuwa da shi a jiƙaƙƙen ganye. Zuwaira ta kafa kujerarta a inda ƙofar shinge take, duk wanda ya zo sai ya buɗe ta gani. Ta mayar da Umaru ya sake ɗebowa, ta ce nasa kamar gashin tsohuwa. Ta sa Ɗanjuma ya tuge wani reshe ya sake kafawa, wai ko ɗan akuya mai ɗingishi zai haure shi. Na gidan Dagaci ma sai da ta juya shi ta duba saiwar kafin ta ce a ajiye.

Maikano ne ya zo ƙarshe, yana dogara sanda, da damin iri a hammata. Ya tsaya a gaban wani kututturen giginya da ke nesa kaɗan da ita, ya miƙa masa.

"Ga shi, taubashiya. Kar ki ce ban cika alkawari ba."

"Ina nan hagunka, Sarki."

Ya juyo ba tare da ya nuna komai ba. Ta karɓa, ta warware ganyen, ta bi su da yatsa. Irin ya yi kauri, saiwa fara sol, daga tsakiyar fangali aka ciro shi. Ta neme shi da aibi ba ta samu ba, abin ya ba ta haushi.

"To me ka tsaya yi?" ta ce. "Tsuguna ka kama min wancan layin. Saiwa ƙasa, ganye sama, in ka iya bambancewa."